Tsanin da Aka Shafa wa Shuɗi

Duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san Mai Fenti, in bai san fuskarsa ba to ya san hannunsa. Shekara arba'in da ɗoriya shi ke zana allon da ake ratayawa a goshin sinima, wanda ke sanar da mutane fim ɗin mako. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum warin kananzir ɗin wanke buroshi yake yi, kuma ba a taɓa ganin ƙumbarsa da launi ɗaya ba. Ba shi da yawan magana, shi ya sa mutane ke cewa mai haƙuri ne. Haƙuri a ina? Mutumin nan shekara talatin ya yi yana dakon mutum ɗaya, kuma ko rana ɗaya bai huce ba.

Ita sinimar, asalinta sito ne na ajiye buhuna. Mai Sinima, lokacin yana da jini a jika, ya saye wurin, ya fasa bangon tsakiya, ya jera benci, ya shafe bango guda da farin fenti, shi ke nan aka fara nuna fim. Da abin ya karɓe shi sai ya kawo kujeru masu naɗewa, ya rataya fanka shida, ya ɗora bene don masu hali su zauna sama suna zubo wa na ƙasa ɓawon abin da suka ci. A shekarun nan layin tikiti yakan wuce shagon mai aski ya lanƙwasa kwana. Aure nawa aka ƙulla a layin nan, faɗa nawa aka yi a kan kujerar da ke ƙarƙashin fanka, ba mai iya lissafawa.

Mai Fenti yana aikinsa ne a rumfar gefen gini. Allo biyu gare shi, ɗaya yana sama a rataye, ɗaya yana ƙasa ana zane. Ran Litinin a miƙo masa ɗan hoton da bai fi tafin hannu ba, wani lokacin ma babu hoton, sai mai injin haska fim ya ba shi labarin a tsaitsaye. Tsarinsa ba ya canzawa: jarumi a dama, yarinya a tsakiya, mugun fim kuwa, wanda 'yan kallo ke kira Bos, a hagu, ƙato, yana harara. In hoton bai fito da kyau ba sai ya ari fuska a unguwa, hancin mai aski, idon mai wanki, haɓar wani direba. Mutane su zo su tsaya suna neman sassan jikinsu suna dariya.

Mai rataya allon ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai mata da 'ya guda. Kadangare ake ce masa saboda iya hawa. Duk safiyar Alhamis zai ɗaure allo a bayansa da igiya, ya hau tsanin katako mai ƙafa goma sha takwas, ya sauya tsoho da sabo. Ƙafa ɗaya can wajen sama gara ta cinye ta, ta yi baƙi, ta tsage. Kadangare ba ya ƙirga ƙafafun tsani, da ido yake gane ta, da ya ga baƙin nan sai ya tsallake. Ya yi wa Mai Sinima maganar sabon tsani har bakinsa ya gaji, amsar dai ɗaya ce, mako mai zuwa.

Ana nan sai labari ya zo cewa masu duba gine-gine za su zagayo ran Laraba. Maimakon ya sayi tsani, Mai Sinima ya leƙo rumfa ya ce wa Mai Fenti ya ɗan gyara wa tsohon fuska. Shi kuwa Mai Fenti mutum ne da in ya kama buroshi ba ya iya aikin rabi da rabi. Ya kwaɓa garin katako da gam ya cike tsagar, ya goge ta sumul, ya bi tsanin nan da shuɗin fenti shafi biyu, har yana ja da baya yana kallo yana jin daɗin aikinsa. Masu dubawa suka zo suka yaba suka tafi. Ya ƙudura a ransa zai gaya wa ƙanensa, amma ranar Kadangare ya raka matarsa asibiti bai leƙo ba, washegari kuma Mai Fenti ya fara biyawa kasuwa sayen jan fenti, yana cewa ai yanzu zai dawo.

Kadangare ya yi sammako. Tsohuwa mai shara ce kaɗai a wurin, ita ta ba Mai Fenti labari a ɓoye daga baya cewa da ya ga tsani yana ƙyalli sai ya yi dariya ya ce yau dai an ji kukansa. Ya ɗaure allo ya hau, ya taka ƙafar nan da dukkan nauyinsa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Kafin mutane su taru Mai Sinima ya ja tsanin zuwa baya, kafin rana ta yi tsaka ya faskare shi ya cinna masa wuta. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa, ya shafa wa idonsa toka, ya shaida wa 'yan sanda da duk wanda ke da kunne cewa Kadangare a buge ya zo aiki, shi da hancinsa ya ji warin giya. Mutumin da ko ƙofar gidan giya bai sani ba! Amma wanda ya mutu ba ya musu, mai shara kuwa tsoron rasa tsintsiyarta ya rufe mata baki. Magana ta bi gari. Matar Kadangare ta kasa jure nuni da baki, ta koma wajen danginta, ta bar wa Mai Fenti yarinya 'yar shekara uku.

Ran kwana na uku da rasuwar Mai Fenti ya hau ofishin Mai Sinima, ya ce abu ɗaya yake nema: Mai Sinima ya fito gaban mutane ya janye maganar giya, ya faɗi cewa tsani ne. Mai Sinima bai ko ɗago kai daga takardunsa ba.

"In na ce tsani ne, za a tambayi wanda ya shafa masa fenti," in ji shi. "Ni zan ce gyara na sa a yi. Kai me za ka ce wa yarinyar nan in ta girma?"

Mai Fenti ya juya ya sauko. A matakalar benen nan ya ci alwashin sai ya wanke sunan ƙanensa a gaban unguwa, kuma sai ya yi hakan ba tare da yarinyar ta san abin da hannunsa ya yi ba. Yadda zai haɗa biyun ne bai sani ba. Mutane sun zaci zai bar aikin, amma ran Litinin sai ga shi a rumfa yana kwaɓa fenti.

Allon makon nan na wani fim ne na 'yan fashin teku. Da aka rataya shi, mai aski ne ya fara tsayawa da almakashi a hannu, ya ƙura ido, sai ya toshe baki. Bos ɗin da ke hagu yana da gira a haɗe, da wushirya, da tawadar Allah mai gashi biyu a kuncin hagu. Unguwar nan kaf mutum ɗaya ke da wannan tawadar.

Daga ranar ba a sake yin Bos da wata fuska ba. Mai Sinima ya fito a ɗan fashi, ya fito a boka, ya fito a shugaban 'yan daba da sarƙa a wuya, ya fito a azzalumin sarki. Da aka kawo fim ɗin wani ƙaton kada mai cin mutane, wallahi kadan nan da tawadarsa ya fito, gashi biyu cif. Mai Sinima ya aske gashin baki, Bos ya aske a makon. Ya fara sa tabarau, Bos ma idonsa ya samu matsala. Ya yi tumbi, Bos ya yi tumbi. Safiyar Alhamis ta zama ranar taro, mutane su bar abin da suke yi su zo su ga da wace riga Mai Sinima ya kwana.

Sau ɗaya ya sauko rumfa ya sha mur, ya ce wannan wane irin iskanci ne. Mai Fenti ya ci gaba da goge buroshi, ya ce cikin ladabi ai fuskar mugu duk kama take, ranka ya daɗe, shi bai lura ba. Korarsa kuwa ba ta yiwuwa. Na farko kowannensu yana riƙe da wuyan ɗan'uwansa, na biyu allon na jawo 'yan kallo, Mai Sinima kuma mutum ne da zai yarda a zana shi a jaki in dai kujeru za su cika.

Amma abin ya ci shi, kuma Mai Fenti yana lura da kowane cizo. Sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa Bos yake ce masa. Yara in sun hango motarsa sai su yi ihu su watse. Uwa in ɗanta ya ƙi barci sai ta ce za ta kira Bos. Da ya nemi shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwar unguwa, wani dattijo ya miƙe ya tambaya a ina aka taɓa ganin Bos ya kai ƙarshen fim, aka kwashe da dariya, maganar ta mutu a nan. Ɗansa guda ɗaya tilo, tsokana ta hana shi sakat, dole aka tura shi makarantar kwana a wani gari mai nisa, daga can kuma ya zarce da zamansa. Ranar da aka sa kayan yaron a mota, Mai Fenti yana leƙe daga rumfa, ya ga Mai Sinima ya juya baya yana share ido. Ya ce a ransa kaɗan ma ka gani.

Duk da haka ba abin da yake nema ba ke nan. Yarinyar ta tashi ana kiranta 'yar mashayi. Ta sha dawowa daga makaranta da riga a yage saboda dambe. Da ta isa aure, iyayen wanda ya fara nemanta suka yi bincike suka janye ɗansu ba ko sallama. Ta koyi ɗinki, ta buɗe shago daidai tsallaken titi, tana fuskantar bangon da ubanta ya faɗo, aka koma kiranta Tela. Lokaci-lokaci, in ta kawo wa Baffanta abinci rumfa, takan zauna a kan gwangwanin fenti ta tambaye shi ko gaskiya ne abin da ake faɗa. Ya ce ubanta bai taɓa kai giya bakinsa ba. Ta ce to me ya jefo shi? A nan kullum buroshinsa ke buƙatar wanki.

Zamani ya juya wa sinima baya a hankali. Talabijin ya shiga gidaje, bidiyo ya biyo baya, daga ƙarshe kowa ya sa sinimarsa a aljihu. Aka ba mai sayar da katifa hayar bene. Fanka huɗu suka mutu ba a gyara ba, kujeru suka zama gidan kuɗin cizo, mai injin ya tsufa har yakan yi gyangyaɗi fim ya tsinke ba wanda ya damu ya yi fito. Mai shara ta rasu. Mai Fenti ya duba ya ga duk duniya saura mutum biyu da suka san launin tsanin nan, shi da Bos. Tsoronsa ɗaya, kada mutumin ya mutu da maganar a ciki.

Sai ga shi wata safiya an ce Mai Sinima ya yanke jiki ya faɗi a ofis, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya rayu, amma baki ya karkace, harshe ya mutu, hannun rubutu ya zama kamar tsumma. Hankalinsa kuwa garau, yana ji yana ganewa. Da labarin ya iso rumfa, Mai Fenti ya zauna jagwab, don a ganinsa shi ke nan, wanda zai janye magana ba shi da bakin janyewa. Sai da ya kwana biyu yana juya abin kafin ya gane ɗaya gefen: mutumin da ba ya iya janye magana, ba ya iya tona ta kuma.

Ɗan Mai Sinima ya dawo, mutum mai kirki, mai furfura a gefen kai, wanda bai san komai ba sai cewa an tsokane shi yana yaro. Ya sayar da ginin ga masu son rushewa su yi shaguna. Amma ya ce kafin a sa guduma za a yi taron bankwana, a nuna fim kyauta da la'asar, a kawo mahaifinsa ya ga mutane, ko zuciyarsa ta yi sanyi. Ya zo rumfa har da rusunawa, ya roƙi Mai Fenti ya yi allon ƙarshe, ban da wasan Bos ɗin nan, don Allah.

"Baba, ka zana shi yadda ka san shi kawai," ya ce.

"Yadda na san shi?"

"Yadda ka san shi."

Mai Fenti ya ce an gama.

Kwana biyar ya yi a kan allon, ya kange rumfa da buhu kada a leƙa. Bangon sinima ya fito, tsani ya fito a jingine, ga mutum da allo a baya yana rikitowa. Fuskar Kadangare ce ta ƙi. Sau uku yana zana ta, sau uku girar na haɗewa, wushirya na buɗewa, don hannun da ya shekara talatin yana zana fuska ɗaya ya manta sauran. Ya zauna ya yi kuka irin na tsofaffi, marar sauti, sannan ya juyar da ƙanensa ya zana shi ta baya. A gindin tsani ya tsayar da Mai Sinima, babu fiƙa babu jan ido, fuskarsa ta gaskiya sak, da gatari a hannu ɗaya da ashana a ɗayan.

Saura launin tsani. Gwangwanin shuɗi yana nan a kan kanta. Ya sauko da shi, ya buɗe, ya juya shi da tsinke har ya yi laushi, ya tsaya yana kallonsa. Ta ramin buhu yana hango Tela a shagonta, ta duƙufa a kan keke. Ya mayar da murfin ya danne da dunduniya. Ya zana tsanin tsoho tukuf, launin busasshen katako, da baƙar tsagar nan a fili yadda ko makaho zai gani. A ƙasa ya rubuta da manyan baƙaƙe: Kadangare bai sha giya ba. Tsani ne ya ruɓe, kuma wannan mutumin ya sani.

Ranar taro unguwa ta fito kamar zamanin da. Tsofaffin da suka yi zawarci a layin tikiti suka zo da jikoki, mai aski ya zo da sandarsa, mai injin ya sa rigarsa ta fita kunya. An jingine allon a bakin ƙofa a lulluɓe da zane. Aka turo Mai Sinima a keken marasa lafiya, an yi masa aski, an rufa masa bargo a cinya, aka ajiye shi gaba da kowa. Ɗansa ya yi ɗan jawabin godiya, sannan ya ja zanen da murmushi.

Dariyar da mutane suka tanada ta maƙale. Wurin ya yi tsit, sai masu karatu da ke karanta wa marasa karatu a hankali. Tela ta ratso mutane ta tsaya gaban allon, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. Ɗan Mai Sinima ya dubi allo, ya dubi ubansa, zanen na hannunsa ya rasa inda zai ajiye shi.

Mai Fenti ya tako a hankali, ya durƙusa gaban keken kamar mai gaisuwa, ya ɗaga murya daidai yadda na baya za su ji.

"Ranka ya daɗe, ga mutane. In ƙarya na zana, ka ce ƙarya ne."

Idon Mai Sinima ya bar allon ya sauka a kansa. Bakin nan ya yi ta motsi, jijiyar wuya ta miƙe, ba abin da ya fito sai gurnani da yawu. Da ƙyar ya zaro hannunsa mai lafiya daga bargo, ya miƙe yatsa ya nuna tsanin da ke allo, sannan ya juyo da shi ya nuna hannun Mai Fenti. Ya sake nuna tsani, ya sake nuna hannun.

"Ya amsa," in ji mai aski daga baya. "Cewa yake mai zanen ya faɗi gaskiya."

Maganar ta bi taron kamar wuta a busasshiyar ciyawa, masu salati na yi, masu tsaki na yi, wata tsohuwa ta ce ita dama tun ranar ba ta yarda ba. Mai Fenti kaɗai ya san abin da yatsan ke faɗa. Ya kama hannun da tausasawa, kamar mai jinya, ya lanƙwashe yatsan, ya mayar da shi ƙarƙashin bargo ya gyara masa rufa.

Ba a nuna fim ɗin ba. Ɗan ya juya keken ba tare da ya dubi kowa ba, mutane suka dare suka ba su hanya, ba wanda ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Tela ta zo ta durƙusa inda Baffanta yake, fuskarta jage-jage da hawaye, ta kama hannunsa na dama da hannu biyu ta riƙe gam.

"Baffa, yau na samu uba," ta ce. "Allah ya saka wa hannun nan da alheri."

Bai janye hannun ba. Ta saman kanta yana hango keken ana tura shi zuwa mota, bargon na motsi, yatsan nan na ta ƙoƙarin fitowa. Ya san abin da ya yi, ya san kansa da shuɗin fentinsa ne ya bari bai zana a allon ba, kuma Allah ya sani, daɗi ya ji har cikin ransa. Ya ce mata ta tashi ta share fuska, mutane na kallo.